Rumbun da Baffa ke son kayarwa

Da Babbar Sallar nan da ta wuce na je gida, ƙauyenmu can arewa da Katsina, inda in ka miƙe a babur ba ka ankara ba sai ka ji wayarka ta kama layin Nijar. Washegarin sallah muna zaune a zaure ana ta fama da soyayyen nama sai Baffa ya goge hannu yace dama yana son magana da mu 'yan birni. Na ɗauka zancen kuɗin taki ne ko auren wata, ashe rumbu ne. Wai so yake in an yi kaka a kayar da tsohon rumbun nan na kusurwar gida ta bakin hanya, a ja ɗaki biyu na bulo a wajen, ɗaya sito ɗaya shagon cajin waya ga autansa da ya gama sakandire yana zaman jiran tsammani. Kowa yace to Baffa Allah ya sa albarka. Ni ma bakina ya faɗa, amma wallahi daga nan naman bai ƙara yi min daɗi ba.

Da la'asar na zagaya ni kaɗai na tsaya ina kallon shi kamar wanda bai taɓa gani ba, alhali a gindin shi na yi rarrafe.

Mu dai rumbu muke cewa gaba ɗaya saboda bakin birni ya cinye mu, amma Iya, wato kakarmu, in ka faɗi haka gabanta sai ta gyara maka. A wajenta rumbu na kara ne ko na zana, wanda ake kafawa a kan gofa a ɗaure da tanka, shekara biyu uku ya ruɓe a sake wani. Wannan na ƙasa kuwa rufewa ce, wasu kuma ka ji suna cewa rahoniya. To ni dai ku yi haƙuri zan ci gaba da cewa rumbu, in Iya ta ji ta yafe min.

Siffar shi kamar ƙaton tulu ne da aka ɗora a kan murhu. Tsayi ya kai mutum biyu in ɗaya ya hau kafaɗar ɗaya, cikin ya buɗe a tsakiya sannan ya tsuke zuwa sama. Ba shi da ƙofa ko taga ko ɗaya, baki guda ne tak can a ƙololuwa, faɗin da babban mutum zai zura jiki da ƙyar, an kifa masa 'yar jinka kamar malfa. Ƙasa kuma bai taɓa ƙasa ba. Manyan duwatsu ne aka jera a zagaye da wasu a tsakiya, aka gitta itacen ƙirya a kansu, sannan aka shimfiɗa ƙasa aka fara gini daga nan. Ƙirya ce saboda gara ba ta cika iya ta ba, ita ce dai wadda maƙera ke so wajen gawayi, da ita ake sassaƙa turmi mai ƙarko. Na durƙusa na leƙa, na buga itacen nan da mukullin mota, ƙau ƙau yake kamar ƙarfe. Wata kaza da ke kwanci a ƙarƙashin ta harare ni na ja da baya.

Wannan ratar da ke tsakanin ƙasa da gindin rumbu ita ce rabin dabarar. Damshin damina ba ya hawa, iska na ratsawa ta ƙasa, in gara ta fara jan hanyarta a jikin dutse ana gani a kankare tun ba ta kai sama ba, kaji kuma suna nan kullum suna tsince ta, sun samu inuwa sun samu abinci su kuma suna gadi ba albashi. Ɓera ma sai ya yi da gaske, jikin rumbun sumul yake kuma ya turo waje, babu inda zai kama.

Abin da ya fi ɗaure min kai tun ina yaro shine kaurin bangon. In ka ga girman shi za ka ce bango ne irin na soro, nan ko bai wuce faɗin tafin hannu ba, can sama ma bai kai ba. Babu tubali ko ɗaya a jikin shi. Yadda mata masu ginin tukunya ke yi haka magini ya yi, ya murza ƙasa ta yi tsawo ya ɗora a zagaye ya lailaye da hannu ciki da waje, in ya yi 'yan layuka ya tsaya sai gobe ta sha iska, don in ka yi gaggawa ka ɗora ɗanye a kan ɗanye gaba ɗaya zai zauna maka. Shi ya sa ba a yin aikin sai da rani kuma yakan ci makonni. Ƙasar ma ba kowacce ba, mai yauƙi ake nema a jiƙa ta a zuba mata yankakkiyar ciyawa a tattake da ƙafa a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, ciyawar nan ita ke riƙe ta kada ta tsage in ta bushe. Ƙarfin kuwa daga zagayen yake zuwa, ku gwada matse ƙwai a tafin hannu ta tsawon shi ku gani. Hatsin da ke ciki yana turo bango ta kowane gefe daidai wa daida, babu kusurwar da nauyi zai taru ya fasa. Mu da muka yi boko sai an zana mana wannan a allo da lissafi, mutumin da ya gina namu ko sunan shi bai iya rubutawa da boko ba.

Iya ce ta ba ni tarihin, da daddare bayan an watse, tana ta tsokanata wai maigida ka zo sallah ba ka kawo min ko turmin atamfa ba sai tambayar rumbu kamar kai za ka gada. Nace ai ke ce ba ki iya tarairayar miji ba shi ya sa. Ta yi dariya har da tari sannan ta fara.

Tace Baba Tsoho, wato kakanmu, Allah ya jiƙan shi, da can mutumin gyaɗa ne. Duk ƙasar nan haka take a lokacin, tun da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912 gyaɗa ta zama ita ce kuɗi, da ita ake biyan haraji a yi aure a sayi keke, ita ce aka tara aka yi dalar gyaɗar nan da muke gani a hoto. Gonar da ta fi kyau gyaɗa ake ba, gero da dawa a yi daidai na ci. Sai farin 1973 ya zo. Tace ranar da ba za ta manta ba ita ce ranar da ya tafi kasuwa da kuɗi a aljihu da jaki da buhu biyu babu komai ciki, ya dawo da magariba da abin da bai kai rabin buhu ba, ya zauna a ƙofar ɗaki bai ce wa kowa uffan ba. Gidan mutum wajen ashirin. A shekarar aka ci dusa, aka ci tafasa da rama ba ƙuli, mata suka riƙa fasa gidan tururuwa suna kwasar ɗan abin da ta tara. Ana murmurewa kuma sai ga cutar gyaɗa a 1975, wadda ke sa ganye ya nannaɗe ya yi rawaya gindi ya tsugune babu 'ya'ya, ta share gonaki a arewa gaba ɗaya, daga nan ma gyaɗar ba ta sake komawa yadda take ba. Amma geron shekarar ya yi kyau a wajenmu. Shine Baba Tsoho yace shi da ya sake dogara da kasuwa wajen abin da iyalin shi za su ci har abada.

Maginin wani ɗan ci-rani ne daga Adar, can wajen Tawa a Nijar. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Ƙonni zuwa Tawa ko ya shiga ƙauyukan Buza ya san su ne sarakan wannan aiki, za ka hango gari rumbunan sun fi ɗakunan kwana girma da kyau, jere kamar an kifa manyan tuluna. Da damman gero aka biya shi, da abinci safe da dare har ya gama. Na tambaye ta wace shekara ce, tace ita ina ta san shekara, abin da ta sani ginin ya kai wuyan mutum ranar wata Juma'a aka ji a rediyo an harbe Murtala, magini ya sauko ya wanke hannu ranar ba a ƙara ɗora ko layi ɗaya ba. To kun ga 13 ga Fabrairu 1976 kenan. Na lissafa a waya nace Iya rumbun nan fa ya girme ni nesa ba kusa ba. Tace ai ya fi ka hankali ma.

Tsofaffinmu ba sa ƙirga shekara da lamba amma yunwa kam kowacce da sunanta. Iya ba ta ga Kakalaba ba, ta 1913 zuwa 1914, a bakin uwarta ta ji, amma yadda take ba da labarin za ka rantse tana wurin. Akwai 'Yar Buhu ta 1927, akwai 'Yar Gusau ta 1942. Mutumin da ya tashi yana jin waɗannan sunaye a bakin iyaye dole ginin da ya fi ba muhimmanci a gida ya zama na hatsi. Baba Tsoho har ya rasu ɗakin shi na jinka ne, rumbun shi kuwa duk shekara sai an yi masa sabon yaɓe kafin ruwa ya sauka.

Zuba hatsi a ciki ma aiki ne mai tsari, na ga wannan da idona. Ba a sussuke gero, da zangarniyar shi ake ajiyewa. In an kawo damma daga gona a jakuna da amalanke sai a baje su su ƙara shan rana, a ware na zakka tukuna, dami ɗaya cikin goma, kafin komai ya shiga ciki. Sannan a share rumbu a ɗan yi masa hayaƙi, a barbaɗa toka a shimfiɗa ganyen darbejiya, mutum ɗaya ya shiga ɗaya ya hau tsani ɗaya yana miƙo masa daga ƙasa. Na cikin shi ke kwance dami yana jera zangarniya a zagaye kai na kallon tsakiya, yana bi yana dannewa da ƙafa har ta haɗe ba wajen da ƙwaro zai yi yawo. In ya cika a rufe bakin a liƙe da ƙasa a mayar da jinka. Gero a haka sai ya shekara uku huɗu lafiya lau, ya fi dawa jurewa, wake kuwa shi ne ɗan rigima ko wata uku bai yi sai ka ji shi ya zama gari. Baba Tsoho in ana wannan aiki yakan jawo ayar nan ta cikin Suratu Yusuf inda aka ce abin da kuka girbe ku bar shi a zangarniyar shi sai kaɗan da za ku ci, yace to kun ji, ba mu muka fara ba.

Yanzu ga inda ni nake ganin hikimar ta fi, kuma nan ne muka sha bamban da Baffa. Shi ƙorafin shi rumbun wahala ne da shi, kafin ka ɗebi tiya biyar sai ka nemo tsani ka ɗaga jinka ka fasa liƙi ka nemo yaron da za ka zura. Gaskiya ne. Amma ni a ganina da gangan aka yi shi haka. Hatsin da ke cikin wannan rumbu na gandu ne, na gida gaba ɗaya, ba a taɓa shi da kaka ko da rani lokacin da kowa ke da ɗan abin gayaunar shi a ƙaramin rumbun kara. Sai ruwa ya zauna an shiga noma, hatsi ya yi tsada a kasuwa, baƙon dawa bai zo ba tsohon ya ƙare, sannan maigida zai ce a buɗe. Kuma ba yadda za a yi ka buɗe shi a ɓoye. Duk gida sai an sani, maƙwabta ma sun gani. Babu wanda zai tashi da dare don an matsa masa da bashi ko zai ƙara aure ya saci jiki ya kai kasuwa. Buhu a sito fa? Mukulli ɗaya ne da ɗan acaɓa ɗaya. Na san gidaje da yawa, har da namu ban cire ba, da ake sayar da hatsi da arha a watan da aka girbe saboda biki, a dawo a saye shi ninki a watan Yuli.

Ni ne yaron da ake zurawa a zamaninmu, saboda ni ne siriri. Baffa ne ma ke riƙe hannuna ya sassauta ni a hankali har ƙafata ta taɓa zangarniya. In rumbun ya yi ƙasa sosai sai da igiya. Ciki duhu ne da sanyi ko da rana ta take a waje, ga wani ƙamshi na gero da toka da tsohuwar ƙasa wanda har yau in na shiga kasuwar Dawanau na wuce layin masu gero sai ya faɗo min. In ka ɗaga kai ba ka ganin komai sai zagayen sama da kan Baffa. In ka yi magana muryarka ta dawo maka da kauri. ƙaiƙayi kuwa ba a magana, kwana biyu kana susa. Sau ɗaya na taɓa jin wani abu ya bi ta kan ƙafata na kurma ihu, aka fizgo ni sama ina kuka, ashe tsaka ce, aka shekara ana min dariya.

Ranar da rumbun ya biya kuɗin ginin shi ita ce 1984. Ruwa ya ɗauke, ga boda a rufe tun watan Afrilu lokacin canjin kuɗin gwamnatin Buhari, mutanen Nijar har yau El Buhari suke kiran wannan yunwa. Danginmu na wajen Tasawa suka riƙa zuwa ta daji da dare, mata da yara a kan jakuna. Iya tace a lokacin akwai geron shekara biyu a ciki ba a taɓa ba. Baba Tsoho ya sa aka buɗe, kullum da safe a fitar da abin da za a daka na ranar, ba a ƙara ba a ragewa, tukunya uku ake ɗorawa. Tace har aka yi sabon gero ba wanda ya kwana da yunwa a gidan, kuma da aka zura yaro na ƙarshe sai da ya share ƙasan da tsintsiya.

To me ya kashe shi? Ba rushewa ya yi ba, yana nan daram, tsaga ɗaya ce a gefen gabas inda ruwa ke duka. Gandun ne ya watse. Da Baba Tsoho ya rasu aka raba gonaki, kowa ya ja nashi, babanmu ya dawo birni, wanda zai noma abin da zai cika wannan ciki shi kaɗai babu. Ga injin sussuka ya zo, a gona ake casa a zuba a buhu a ɗinke, matan yanzu kuma ba wadda za ta yarda ta tashi da asuba tana sussuka a turmi, ni ma ban ga laifin su ba don na ga abin da taɓarya ta yi wa hannun Iya. Hatsi a buhu kuma sai da magani, ana jefa ƙwayar nan mai warin tafarnuwa wadda in aka yi ganganci da ita a ɗakin kwana tana kisa. Gara ma buhun PICS mai leda biyu a ciki da aka fara yaɗawa wajen 2007, wanda ke toshe iska ƙwaro ya mutu da kan shi, kuma in ka duba dabarar liƙe bakin rumbu ce aka mayar leda. Sannan ga abin da ba a son faɗa, rashin tsaro. A yammacin jihar da Zamfara an ƙona rumbuna ba adadi, mutum ya ga noman shekara ya zama toka a dare ɗaya. Ko a inda abin bai kai ba mutane sun tsorata, gara su kai hatsi cikin gari su biya kuɗin ajiya da a hango rumbu cike a ƙofar gida. Da Baffa ya kawo wannan hujjar shiru na yi, don shi ke kwana a can ni ina Kano.

Kafin in taho nace dan Allah Baffa a bar ni in leƙa ciki sau ɗaya. Aka jingina tsani, na hau ina jin shi yana lanƙwasa, na ɗaga jinkar da ta zama kamar tsumma. Kafaɗata ta ƙi shiga, tuwon birni ya yi aikin shi, yara na ƙasa suna ta ƙyalƙyala dariya. Sai na haska fitilar waya. Jikin bangon daga ciki duk sawun yatsu ne, layi bisa layi tun daga ƙasa har wuya, yatsu huɗu huɗu a karkace inda maginin ya riƙa jan ƙasa yana lailayewa, ko ɗaya bai goge ba. Na sa nawa yatsun a cikin na kusa da baki, nashi sun fi nawa kauri.

Can ƙasa na hango wani abu na ƙyalli, muka zura wani jikan Baffa da igiya ya ɗauko. Gwangwani ne duk tsatsa, a ciki an nannaɗe takardu a tsumma, rasit ɗin haraji ne guda uku na Baba Tsoho sun yi ja sun kusa narkewa. Babu na bayan 1979, shekarar da Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna. Iya ta karɓa ta jujjuya tace oho, nan ya ɓoye su kenan, ya sa an kwana ana nema har ya zargi kishiyarta da hura wuta da su.

Na roƙi Baffa ya ja shagon ta ɗaya gefen zauren, ni zan biya yaɓe da sabuwar jinka. Yace to ɗana, yaɓen wa zai yi? Mai yi ɗaya ya rage a ƙauyen gaba kuma idon shi ya tafi. In an gyara kuma me za a zuba, ko kai za ka dawo ka noma? Nace a dai ba ni zuwa kaka. Yace ya ba ni.

Shekaranjiya ya bugo waya wai an samu wani mutumin Madawa da ke zuwa ci-rani yace zai duba in ya shigo bayan girbi, amma bulo ya ƙara kuɗi, shi ya riga ya sa an buga ɗari biyu an jibge a gindin rumbun kafin ya sake tashi. Na tambaye shi kazar nan fa, yace ta ƙyanƙyashe tara, shaho ya ɗauki biyu.